A Faɗa Mana Dalili: Kira ga Jama'ar Katsina

Ya ku jama'ar Katsina, na cikin birni da na karkara, iyayena da 'yan'uwana. Ku ara mini kunnuwanku a kan wata magana da muka daɗe muna yi wa riƙon sakainar kashi, alhali rayukanmu da dukiyoyinmu a kanta suke rataye. Maganar ita ce yadda ake tuɓe shugabannin hukumomin tsaro a ƙasar nan dare ɗaya, a rufe bakin kowa, mu kuma mu ɓige da gardamar ɗan wane gari ne aka tuɓe.

Ranar Talata, 7 ga Agustan 2018, gari na wayewa jami'an tsaron farin kaya na DSS suka tsaya a ƙofar Majalisar Tarayya a Abuja, fuskokinsu a rufe, bindigogi a hannu, suka hana 'yan majalisa da ma'aikata shiga. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari yana hutu a Landan, ragamar ƙasa tana hannun mataimakinsa, Farfesa Yemi Osinbajo. Mako guda kafin nan Shugaban Majalisar Dattawa, Bukola Saraki, ya fice daga APC ya koma PDP, siyasar Abuja kuwa ta ɗauki zafi. Rana ba ta faɗi ba sai ga sanarwa: Muƙaddashin Shugaban Ƙasa ya sallami shugaban DSS, Malam Lawal Musa Daura, wanda Buhari ya naɗa a Yulin 2015. Fadar shugaban ƙasa ta ce ba da izininta aka tare Majalisa ba, ta kira abin keta tsarin mulki, ta kuma yi alkawarin hukunta duk mai hannu a ciki.

Da labarin ya iso gida sai majalisun hira suka dare biyu, daga Ƙofar Soro har Ƙofar Ƙaura. Wasu suka ce an jira Baba Buhari ya ba da baya ne aka sare masa hannun dama, an wulaƙanta ɗan jiharmu. Wasu suka ce alhakin mutanen da ke tsare ne ya kama shi. A Abuja kuwa PDP ta ce an tare ƙofar ne don a tsige Saraki ta bayan gida, APC ta mayar da martani cewa Saraki ne da kansa ya kitsa abin don ya ja tausayi. Wani rahoton wucin gadi da Sufeto Janar na lokacin, Ibrahim Idris, ya miƙa wa Osinbajo ya ɓulla a jaridu, inda aka ruwaito Lawal Daura yana cewa ya samu bayanan sirri ne cewa za a shigar da makamai cikin Majalisa, rahoton kuma ya ce bai sanar da Muƙaddashin Shugaban Ƙasa ba. Maganganu biyar ke nan masu karo da juna, ba zai yiwu dukansu su zama gaskiya ba.

Ga matsayina, ba tare da kwana-kwana ba. Tare ƙofar Majalisa da bindiga laifi ne babba, ko wa ya aikata shi, ko ɗan wa ne. Osinbajo ya yi daidai da bai bari abin ya kwana ba. Amma abin da ya biyo baya zalunci ne ga ƙasa, zalunci ne kuma ga shi kansa wanda aka kora. An tsare shi ɗan lokaci aka sake shi. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a wanke shi ba. Matthew Seiyefa, ɗan jihar Bayelsa da aka ba riƙon hukumar, bai cika wata biyu ba aka maye gurbinsa da Yusuf Magaji Bichi a watan Satumba, sai gardamar ta koma ta Kudu da Arewa, aka manta da asalin tambayar. In mutumin ya yi gaban kansa ne, ina shari'arsa? In umarni aka ba shi, wa ya ba shi? In bayanan sirrin da ya ambata gaskiya ne, ina waɗanda suka so shigar da makaman? Har yau ba a zaunar da 'yan Najeriya an ba su amsa ba.

Ku lura da wani abu kuma. Kafin wannan rana an daɗe ana kuka da hukumar. A Oktoban 2016 jami'anta sun shiga gidajen manyan alƙalai cikin dare. Kotuna sun ba da belin Kanar Sambo Dasuki ba sau ɗaya ba, aka ci gaba da riƙe shi har Disambar 2019. Babbar Kotun Tarayya ta ba da umarnin sakin Sheikh Ibrahim Zakzaky a Disambar 2016, ba a bi ba. Wani ɗan jarida, Jones Abiri, ya shafe shekara biyu a tsare ba a gurfanar da shi ba. Kana iya ƙin ra'ayin waɗannan mutane, kana iya ganin suna da laifi, amma umarnin kotu umarnin kotu ne. Duk wannan bai girgiza kujerar kowa ba. Sai ranar da aka tsayar da sanatoci a bakin ƙofa sannan aka ga takardar kora cikin sa'o'i.

A wannan ƙofar dai aka yi irin wannan ɗanyen aiki shekara huɗu kafin nan. A Oktoban 2014, da Kakakin Majalisar Wakilai Aminu Waziri Tambuwal ya bar PDP, Sufeto Janar Suleiman Abba ya janye masa masu tsaron lafiyarsa. Ranar 20 ga Nuwamba 'yan sanda suka rufe Majalisa, suka harba hayaƙi mai sa hawaye, duniya ta ga 'yan majalisa suna haura ƙarfen ƙofa. Ba a kori kowa ba, domin mai gida bai ji haushi ba. Bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya faɗi zaɓe, aka ga Sufeton a wurin miƙa wa Buhari takardar shaidar cin zaɓe, sai ranar 21 ga Afrilun 2015 aka sallame shi da gajeriyar sanarwa wadda ba ta ambaci dalili ko ɗaya ba. Waɗanda suka tafa masa a Nuwamba su suka yi murnar korarsa a Afrilu, waɗanda suka la'ance shi a Nuwamba su suka koma jajanta masa. Aiki iri ɗaya, a wuri ɗaya, wani ya tsira wani ya rasa kujera. Abin da ya raba su shi ne ran wa ya ɓaci.

Kada mu ɗauka wannan ciwo na wasu ne can. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ɗan birnin nan ne, muna alfahari da shi, shi ne ya fito ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi mulki yana da naƙasu, abin da shugabanni ba su saba yi ba. Amma a zamaninsa ne, a Disambar 2007, makonni kaɗan bayan EFCC ta kama tsohon gwamnan Delta James Ibori, aka sanar cewa shugabanta Nuhu Ribadu zai tafi karatu Kuru. Daga nan aka rage masa muƙami, daga bisani aka kore shi daga aikin ɗan sanda. A Disambar 2009 wata kotu a Asaba ta yi watsi da tuhume-tuhume 170 da ake yi wa Ibori. A Afrilun 2012 kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 13 bayan ya amsa laifi da bakinsa. Ribadu yana da masu sukarsa, an zarge shi da farautar abokan hamayyar Obasanjo, kuma zargi ne da ya cancanci bincike a fili. Ba a yi binciken ba, aka fake da kwas. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In muna son Malam Umaru da gaske, sai mu faɗi inda gwamnatinsa ta yi kuskure don kada na baya su maimaita.

Sun kuwa maimaita. Farida Waziri da ta gaji kujerar an sallame ta a Nuwambar 2011. Ibrahim Magu ya yi kusan shekara biyar yana riƙon ƙwarya, Majalisar Dattawa ta ƙi tabbatar da shi har sau biyu, a Disambar 2016 da Maris ɗin 2017, bisa rahoton da DSS ta aika a kansa, wato hukuma ɗaya ta gwamnati tana tuhumar wanda shugaban gwamnatin ya zaɓa. A Yulin 2020 aka tare shi a kan titi a Abuja, aka dakatar da shi, aka kai shi gaban kwamitin Mai Shari'a Ayo Salami. Kwamitin ya miƙa rahoto a Nuwambar wannan shekara, gwamnati ba ta buga shi ga jama'a ba, a 2022 kuma aka ƙara wa Magu girma ya yi ritaya. Abdulrasheed Bawa, ɗan jihar Kebbi, an dakatar da shi a Yunin 2023, DSS ta riƙe shi fiye da wata huɗu, aka sake shi ba tare da an karanta masa tuhuma a kotu ba. In waɗannan mutane sun ci dukiyar jama'a, an cuce mu da aka bar su suka tafi. In ba su ci ba, an cuce su da aka bar su da tabo har abada.

Dattawan cikin birni sun ga irin wannan tun kafin a haifi DSS. Marigayi Ambasada Muhammadu Lawal Rafindadi ya shugabanci hukumar tsaro ta NSO a mulkin soja na Buhari. Da Janar Babangida ya yi juyin mulki a Agustan 1985, aka buɗe ɗakunan tsare mutane na hukumar a Legas aka nuna wa 'yan jarida, shi kuma aka kulle shi fiye da shekara uku. A 1986 aka rusa NSO aka raba ta gida uku, ɗaya daga ciki ita ce hukumar da muke kira DSS yau. An canja suna, amma al'adar ta zauna daram: mai tsare mutane ba shari'a, ranar da iska ta juya shi ma a tsare shi ba shari'a.

To wane darasi jami'in da ke tasowa zai ɗauka daga wannan tarihi? Ku ɗauki misalin maigadin kasuwa. In ya gane cewa ko an fasa rumfuna goma ba abin da zai same shi, amma ranar da ya manta bai gaishe da shugaban kasuwa ba ranar zai rasa aikinsa, to a ƙofar gidan shugaban zai riƙa kwana, rumfuna kuwa sai yadda hali ya yi. Haka tsaron ƙasarmu ya koma. Daga 1999 zuwa 2023 mutum 13 suka hau kujerar Sufeto Janar, kusan kowace shekara biyu sabon suna. Wanda ya san ba zai daɗe ba, ya kuma san daga inda korarsa za ta fito, idonsa na kan fada, ba ya kan dajin Rugu. Abin yana gangarowa har ƙasa: baturen 'yan sandan da ya ƙi sakin ɗan dabar wani babba ya san takardar canjin wurin aiki tana iya riskarsa kafin wata ya mutu, kuma ba wanda zai tsaya masa.

Mu ne muka fi kowa biyan kuɗin wannan hali. Daren Juma'a, 11 ga Disambar 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kora ɗaruruwan yara cikin daji, a ƙafa, cikin sanyin hunturu. A ranar ne shugaban ƙasa ya sauka Daura, a cikin jihar nan. Sai ranar 17 ga wata aka dawo da yara 344. Iyaye sun kwana shida a ƙofar makaranta, wasu ba ci ba sha. Mun gode wa Allah da suka dawo, mun gode wa duk wanda ya sa hannu. Amma wane babban jami'i ne aka tsayar a bainar jama'a ya bayyana yadda babura masu yawa suka iso gari ba a tare su ba? Manyan hafsoshin soja an sauya su a ƙarshen Janairun 2021, ba a jima ba aka ba su muƙaman jakadanci. Sufeto Janar Mohammed Adamu, wanda wa'adin aikinsa ya cika a farkon Fabrairu, ƙarin wata uku aka yi masa. Da aka tashi cire shi a Afrilu, yana Owerri yana duba ɓarnar harin da aka kai hedikwatar 'yan sanda da gidan yari aka sanar da magajinsa, nan ma ba bayani. An tsayar da sanatoci na wasu sa'o'i, kujera ta faɗi kafin magariba. An kwashe 'ya'yanmu na kwana shida, aka ce mu yi haƙuri.

Daga Jibiya zuwa Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume, manomi ya san kuɗin da ake aza masa kafin ya girbe gonar da ya noma da guminsa. A Mayun 2019 an ɗauke Magajin Garin Daura daga ƙofar gidansa, ya yi wata biyu a hannun masu garkuwa. A Agustan 2025 an buɗe wa masallata wuta suna sallar Asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi, gomman mutane suka rasu. Ga masu cewa mu kare namu ko da me ya yi, ina tambaya: wane lokaci ne muka fi samun namu a sama fiye da shekarun mulkin Buhari? Shugaban ƙasa namu, shugaban DSS namu har shekara uku. Jaridar Premium Times ta ruwaito a 2017 cewa cikin sababbin jami'ai 479 da hukumar ta ɗauka, 51 'yan jihar nan ne, sauran jihohi suka yi ta ƙorafi. Matar da aka kashe wa miji a Batsari, me wannan lissafi ya tsinana mata? Kasancewar ɗan garinku a kujera ba ya tsare hanyar Jibiya. Abin da ke tsare ta shi ne mai kujerar ya san za a tambaye shi.

Iyayenmu malamai sun fi ni sanin cewa muna da abin koyi a tarihinmu. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya tuɓe Khalid ɗan Walid daga jagorancin runduna, gwarzon da ba a taɓa cin sa da yaƙi ba. Bai yi shiru ya bar jita-jita ta ci mutuncin mutumin ba. Ya aika takarda zuwa garuruwa yana bayyana cewa ba don fushi ko ha'inci ya sauke shi ba, ya ji tsoron kada mutane su jingina nasara ga Khalid su manta da Mai ba da nasara. Da wasu mutanen Kufa suka kawo ƙarar gwamnansu Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, Umar ya kira shi ya ji ta bakinsa, ya kuma tura wakili yana bin masallatan garin ɗaya bayan ɗaya yana tambayar jama'a. Ko da ya sauke shi, a kan gadon ajalinsa ya shaida wa mutane cewa ba don gazawa ko cin amana ba ne, ya sanya shi cikin mutum shida da za su zaɓi halifa. A ji ƙara, a ji wanda ake ƙara, a tambayi jama'a, a bayyana dalili. Wannan shi ne kawai abin da muke nema, kuma an yi shi ƙarni goma sha huɗu da suka wuce.

Me dokokinmu suka ce? Sashe na 216 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa shugaban ƙasa ya shawarci Majalisar 'Yan Sanda ta Ƙasa kafin ya naɗa Sufeto Janar ko ya cire shi. A wannan majalisa akwai shugaban ƙasa, da gwamnoni 36, da shugaban hukumar kula da ayyukan 'yan sanda, da Sufeton kansa. Abin da muka saba gani shi ne a naɗa mai riƙon ƙwarya tukuna, sai daga baya a tara gwamnoni su sa albarka. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ba Sufeto wa'adin shekara huɗu, amma Usman Alkali Baba da aka naɗa a 2021 an sauke shi a Yunin 2023. Dokar EFCC ta 2004 ta ce sai Majalisar Dattawa ta amince kafin a naɗa shugaban hukumar, amma wajen cirewa ta bar wa shugaban ƙasa wuƙa da nama. Shugaban DSS kuwa, dokar 1986 ta zamanin soja ce har yanzu ke aiki a kansa, ba ruwan Majalisa da shigarsa balle fitarsa. Alhali a ƙasar nan ba a iya tuɓe shugaban hukumar zaɓe ko na ICPC sai kashi biyu bisa uku na sanatoci sun goyi baya. Mun riga mun san hanyar, mun ƙi shimfiɗa ta ne inda ake riƙe da bindiga.

Maƙwabtanmu na nahiyar nan sun gwada. Tsarin mulkin Kenya na 2010 ya ba Sufeto Janar wa'adi ɗaya na shekara huɗu, ya lissafa dalilan da za a iya cire shi a kansu, ya kuma haramta wa kowa ya umarce shi ya binciki wane ko ya ƙyale wane. A Afirka ta Kudu, da aka zargi shugaban 'yan sanda Bheki Cele kan kwangilar hayar gine-gine, an dakatar da shi a 2011, kwamiti ƙarƙashin alƙali ya zauna ya saurari shaidu, sannan Shugaba Jacob Zuma ya sallame shi a Yunin 2012. 'Yan sandansu ba mala'iku ba ne, suna da nasu ta'asar. Amma ɗan ƙasarsu ya san laifin da aka kori mutumin a kansa.

Za a ce shugaban ƙasa shi ne babban kwamanda, dole ya samu ikon cire wanda bai amince da shi ba, musamman a rana irin ta 7 ga Agusta. Gaskiya ne, kuma ba mai neman a ɗaure masa hannu. Ya dakatar nan take in hali ya kama. Amma doka ta tilasta a rubuta tuhuma cikin ƙayyadaddun kwanaki, a zaunar da kwamiti ƙarƙashin alƙali, a bar wanda ake tuhuma ya kare kansa, a buga sakamako, mai laifi ya wuce kotu. Za a ce akwai sirrin tsaro. A saurari sirrin a bayan labule gaban kwamitin Majalisa, hukuncin dai a faɗe shi a fili. Za a ce gyaran doka yana cin lokaci. A Yulin 2024, da ake son Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya zarce bayan ya cika shekara 60, majalisun biyu sun gyara dokar 'yan sanda cikin gaggawar da ta ba kowa mamaki. In an iya hanzari don mutum ɗaya, a iya shi don mutum miliyan ɗari biyu.

Don haka ina kira ga Mai Girma Gwamna, Malam Dikko Umaru Raɗɗa. Ranka ya daɗe, kujerarka a Majalisar 'Yan Sanda amanar Katsinawa ce. Ka nemi a riƙa kiran zamanta kafin a naɗa ko a cire, ka tambayi dalili, ka dawo gida ka faɗa mana abin da ka ce da yawunmu. Sanatocinmu uku da 'yan majalisar wakilanmu 15, jihar da ta fi yawancin jihohi zubar da jini ita ya kamata ta riga kowa gabatar da ƙudurin da zai tsara naɗi da tuɓe shugabannin 'yan sanda da DSS da EFCC. 'Yan majalisar dokokin jiha su 34, ba a gyara tsarin mulki sai majalisun jihohi 24 sun amince, ke nan ƙuri'arku tana da nauyi. Maganar 'yan sandan jihohi tana tafe, mu nan ma tun Oktoban 2023 muna da dakarun tsaron al'umma na jiha, matasanmu ne, da yawansu sun ba da rayukansu. Kafin a miƙa wa kowane gwamna rundunar 'yan sanda, a rubuta a doka yadda zai naɗa shugabanta da yadda zai cire shi. In ba a yi haka ba, ciwon da ke Abuja za mu raba gida 36, kuma ɗan adawa a ƙaramar hukuma shi zai fara ɗanɗanawa. Gwamna na yau ba zai dawwama ba, dokar da ya bari ita za ta kare shi ranar da ya sauka.

Malamanmu na Juma'a, da shugabannin coci-coci na cikin gari, ku kawo maganar amanar tsaro kan mumbari kamar yadda kuke kawo maganar zakka da haƙƙin maƙwabci. Lauyoyin Katsina da 'yan jaridarta, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar ɗan ƙasa. Ku rubuta ku nemi cikakken rahoton tare Majalisa na 2018, ku nemi rahoton kwamitin Salami, ku nemi duk binciken da aka yi kan Ƙanƙara da Unguwar Mantau. In an hana ku, ku je kotu, hanawar ma labari ce da ya kamata jama'a su ji. Ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Ƙalam da Kwalejin Hassan Usman, ku karanta sashe na 214 zuwa 216, gajeru ne, ku fassara wa iyayenku da Hausa. Masu kiran waya a shirye-shiryen rediyo, iyayenmu mata a wuraren biki da Islamiyya, 'yan kasuwa da direbobin tasha waɗanda hanyar Ƙanƙara da ta Jibiya ta cinye musu abokan sana'a, wannan magana taku ce tun kafin ta zama ta ɗan boko. Ba jifa nake kira a yi ba, ba ƙone-ƙone ba, ba zagin iyayen wani a Facebook ba. Tambaya nake so mu iya, mu kuma nace a kanta har a gaji da mu.

An san Katsinawa da kara, kuma ado ce a gare mu. Amma kara ba ta hana marigayi M.D. Yusufu, jinin gidan Sarki Dikko, wanda ya riƙe rundunar 'yan sandan ƙasar nan daga 1975 zuwa 1979, fitowa neman takarar shugaban ƙasa a 1998 ba, lokacin da jam'iyyu biyar suka durƙusa wa Janar Abacha, manyan mutane suka kulle bakinsu. Garin da ya haifi shi, ya haifi marigayi Sardaunan Katsina Ibrahim Coomassie wanda shi ma ya hau wannan kujera, yana da bakin magana a kan yadda ake tafiyar da tsaron Najeriya fiye da kowane gari.

Za a sake korar wani, ko ba jima ko ba daɗe. Wataƙila ɗan Daura ne, wataƙila ɗan Bayelsa, wataƙila na jam'iyyar da kake so ko wadda ka tsana. Ranar, kafin ka tafa ko ka yi Allah wadai, ka tambaya: me ya yi, wa ya sa shi, ina takardar, yaushe za a shiga kotu? Duk mai neman kujerar sanata ko ta wakilai da ya sallama a ƙofar gidanka, ka tare shi da wannan magana a gaban mutane, ka sa ya faɗi matsayinsa da bakinsa, a ɗauki muryarsa a waya a ajiye. Wanda ya ƙi amsawa, kada ka ba shi ƙuri'arka.